Gwaggo da Takardar Sallamar Dogo

Ƙarfe bakwai da kwata take isowa. Mai gadin kamfanin ya ce tunda ya kama aiki a ƙofar nan bai taɓa wahalar duba agogo da safe ba. Da ya hango laimarta ta karyo kwana, ana ruwa ko ba a yi, ya san lokacin ya yi. Za ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa da ke masa ciwo, sannan ta hau bene a hankali tana dafa ƙarfen matakala, don ita ma gwiwa ta fara yi mata gardama. Ɗakinta ne na ƙarshe a hannun hagu, dab da inda ake jibge kwalaye. Taga ɗaya gare shi, ita ma bayan wani gareji take kallo. Kafin ta taɓa kwamfuta sai ta jona butar shayi, ta goge tebur, ta bi wayoyin gwaji ɗaya bayan ɗaya, ja da baƙa da rawaya, ta rataye kowace a ƙugiyarta. Duk wanda ya ari waya ya yar a kan tebur, ranar zai sha kallo ta saman tabarau, kuma waɗanda suka sha sun ce gara ta yi faɗa.

Gwaggo ake ce mata, tun daga Manaja har mai shara. Ba ta haɗa jini da kowa a cikinsu ba. Wani ne ya fara kiran ta haka shekarun baya, ranar da ta ja masa kunne a kan aikin gaggawa, sunan kuwa ya zauna mata daram. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara ashirin da bakwai, kuma in aka bar ta da halinta, kofinta kawai za ta ɗauka ta sauka bene ba wanda ya ji motsinta. Shi ya sa aka ga ya dace a rubuta wannan tun tana da rai da lafiya, ta karanta da idonta, ta ja tsaki ta ce an cika surutu.

Sai dai kafin a yaba mata, ya kamata mai karatu ya san abin da take yi, don ko danginta ba duka suka sani ba. Kamfanin ƙarami ne. Allunan lantarki yake haɗawa, waɗanda ake sa wa firij na adana magani da allurar rigakafi a ƙananan asibitoci. Allon ne ke lura da sanyin firij, in ya yi ƙasa ya ƙara, in ya yi yawa ya rage. A kan kowane allo akwai 'yar kwamfuta, akwai kuma wani ɗan cip da bai kai ƙwayar wake ba, wanda ke riƙe da ma'aunin sanyin. Tsakanin su biyun wayoyi biyu ne sirara, ta nan duk wani saƙo yake bi. Gwaggo ita ke rubuta manhajar da ke zaune can cikin zuciyar tsarin, mai ɗaukar saƙo ta ɗora shi a kan wayoyin nan, ta jira har ya isa. Direba 'yan sana'ar suke kiran irin wannan manhaja. Wata ƙanwar mahaifiyarta ta yi shekaru tana gaya wa mutane 'yarta aikin direba take yi a kamfani, tana kuma mitar ba ta taɓa zuwa da motar ta gaishe ta ba.

Irin aikin nan ba wanda ke tunawa da mai yin sa sai ranar da abu ya lalace. Ma'aikaciyar jinya da ta buɗe firij ta tarar da allura da sanyinta ba za ta taɓa sanin akwai wata mata mai tabarau a ɗakin ƙarshe ba. Gwaggo kuwa hakan ya yi mata daidai. Babban Injiniyan kamfanin, wanda suka yi shekara ashirin tare, ya ce bai san adadin ranakun da ya shigo mata a guje da aiki ba, masu saye na jira, mota na ƙofa, ita kuwa ta ɗago ta ce, "Dakata tukuna." Ya ce da fari kamar ya shaƙe ta don haushi. Daga baya ya lura duk abin da ta ce a dakata a kansa, in aka duba sai a tarar da dalili. Matar da ke liƙa ƙananan kaya a kan alluna ita ma ta ce lokacin da hannunta ya fara rawa bayan wata rashin lafiya, Gwaggo ce ta haɗa mata wani ɗan matashi na katako da za ta ɗora gwiwar hannu, ba ta kuma gaya wa kowa dalili ba. Akwai kuma baƙin da ba ta taɓa gani ba, masu ƙananan kamfanoni a wasu wurare, waɗanda ke amfani da direbanta tunda ta sake shi kyauta. Duk wanda ya rubuto da tambaya sai ta amsa masa, ko da tambayar ta nuna bai karanta shafin farko ba.

Gwaggo, ke ce mai zama da abin da kowa ya gaji da shi ya tashi. Ke ce mai karanta takardar bayanin cip har ƙananan rubutun ƙasa da ake tsallakewa. Amma ba don wannan kaɗai ake jinjina miki yau ba. Akwai abin da kika yi wata uku da suka wuce, kin kuma hana a yi zancensa. Ki yi haƙuri, yau za a yi.

Alluna ne suka fara mutuwa. Allo zai fito daga hannun masu haɗawa lafiya lau, ya je teburin gwaji, ya dawo ya kurumce, cip ɗin ma'auni ya daina ba da amsa mai ma'ana. Cikin wata guda aka tara goma sha tara. Da aka bi diddigi sai aka ga dukansu, ba togiya, daga tebur na uku suka fito. Tebur na uku kuwa na Dogo ne.

Dogo mai gwaji ne, ya haura shekara arba'in da biyar, kuma sunan bai yi ƙarya ba, don sai ya sunkuya yake shiga ɗakin gwaji. Shekararsa goma sha huɗu a teburin nan. Mutum ne da ba ka jin bakinsa, in ka gaishe shi ya amsa, in ka ƙyale shi ya ƙyale ka. 'Ya'yansa huɗu, babbar tana makarantar koyon jinya, mahaifiyarsa kuma tana wajensa. Aka canza masa wayoyi, alluna suka ci gaba da mutuwa. Aka canza masa tebur gaba ɗaya, mutuwar ta bi shi can. Daga nan sai ƙus-ƙus ya tashi. Wasu suka ce idonsa ne ya fara rauni yana ɓoyewa. Wasu suka ce hannunsa ya yi nauyi. Manaja ba mugun mutum ba ne, amma masu saye sun hura masa wuta, lissafin kuma a fili yake: tebur uku, mutum uku, ɗaya ne kawai kaya ke lalacewa a hannunsa. Ranar wata Litinin ya miƙa wa Dogo takarda, cewa Juma'ar mako mai zuwa ita ce ranarsa ta ƙarshe.

A matakala Gwaggo ta same shi lokacin hutun rana, ya haɗa kai da gwiwa, abincinsa a rufe a gefe.

"Dogo, lafiya kake zaune a nan kamar wanda aka hana shiga?"

"Ai kusan hakan ne, Gwaggo." Ya ciro takardar ya miƙa mata. Ta gyara tabarau ta karanta har ƙasa, ta ninke ta yadda ta same ta.

"Wallahi Gwaggo ban san abin da nake yi wa allunan nan ba," in ji shi. "Da na sani da na daina. Kuma ba tafiyar ce kaɗai ke cin raina ba. A ce wai hannuna ne ke kashe kaya? Sana'ar nan kowa ya san kowa. Wa zai ɗauke ni da wannan sunan?"

"Ka gaya wa mutanen gida?"

Ya girgiza kai. "Da wane bakin?"

Ta mayar masa da takardar. Sannan ta ce, "Ci abincinka. Gobe ka ajiye min kujera kusa da kai, mai jingina, ba irin taku mai karya baya ba."

Washegari ta sauko da kofinta ta zauna. Injiniyoyi uku sun riga ta duba matsalar, kuma dukansu allo suka duba, suka duba wayoyi, suka duba wutar da ke shiga. Ita hannun Dogo ta zuba wa ido. Yini guda tana kallo: ya ɗauki allo, ya zaunar da shi a mazauninsa, ya kunna manhajar gwaji, ya jira, ya cire, ya ɗauki wani. Ba ta ga komai ba sai mutum mai tsafta a aikinsa. Rana ta biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, gwaji na cikin tafiya sai ta ga ya kai hannun hagu da sauri ya danna maɓallai biyun nan da ake tsayar da manhaja da su. Ya gyara zaman allon, ya sake kunnawa.

"Me ka yi yanzu?"

"Allon ne bai zauna daidai ba, Gwaggo, ya ɗan karkace. Na tsayar na gyara."

"Kullum haka kake yi?"

"In na ga bai zauna ba, ai ba na bari ya ci gaba. Kada ya ba ni sakamakon ƙarya, firij ya je asibiti da ma'aunin da ba shi ba."

"Sauran biyun fa?"

"Su suna barin sa ya gama ne, sannan su sake daga farko." Ya dube ta a tsorace. "Laifi ne?"

"Ban ce ba," in ji ta, amma ta riga ta fara zargin inda matsalar take.

Ranar Alhamis ta ɗauki allo mai lafiya ta shige ɗakinta ta ja ƙofa. Ta jona masa na'urar nan da ke zana bugun lantarki a fuskar gilashi, wadda 'yan ɗakin ke kira madubi. Ta kunna gwaji, ta tsayar. Ta kunna, ta tsayar. Sau goma, sau talatin, ba abin da ya faru. Wani da tuni ya ce ba nan ba ne ya tafi shan iska. Ita ta ci gaba tana sauya lokacin dannawa kaɗan-kaɗan, tana rubuta kowane karo a takarda. A karo na sittin da huɗu zanen ya yanke a tsakiya, da ta sake kunnawa kuwa sai allon ya kurumce a hannunta, daidai yadda goma sha taran nan suka yi.

Ga abin da ke faruwa. In mutum ya danna maɓallan tsayarwa, tsarin yakan aika wa manhajar wani ɗan kira da ake ce wa sigina, ma'anarsa: bari abin da kike yi. To idan kiran ya zo a daidai lokacin da direba ya ɗora saƙo a kan waya yana jiran ya isa, dole direban ya zaɓi ɗaya: ko ya amsa kiran nan take, ko ya gama miƙa saƙon tukuna. Kamar mace ce ke miƙa wa 'yar'uwarta tukunyar ruwan zafi, a tsakiyar miƙawar a ƙwala mata kira daga waje; mai hankali sai ta tabbata tukunyar ta shiga hannu kafin ta waiga. Direban kamfanin shi nan take yake waigawa. Sai ya bar cip da rabin saƙo. Da Dogo ya sake kunnawa, ragowar tsohon saƙon sai ta cakuɗe da farkon sabo, cip ya rubuta shirme a wurin da ma'auni yake. Tsohon cip ɗin da aka daɗe ana amfani da shi yana da sauri ƙwarai, da wuya yatsan mutum ya faɗa daidai wannan ɗan tsakanin. Wanda aka fara sayowa a bana ya fi shi nawa, sai ƙofar ta ƙara faɗi. Dogo kuwa shi kaɗai ne ke tsayar da gwaji, saboda shi kaɗai ne ke lura in allo ya karkace.

Kowane layi a manhajar yana da tarihi, wa ya rubuta shi, yaushe, don me. Ta buɗe tarihin layin da ya ba da izinin a katse jiran, ko da yake zuciyarta ta riga ta gaya mata abin da za ta gani. Ita ce ta rubuta shi, shekara goma sha shida da suka wuce. Har da ɗan bayaninta a gefe: don kada mai aiki ya danna ya ji shiru. Ta tuna ranar sarai. A lokacin mutane suna kuka da na'urorin da ke ƙamewa, ka danna ka danna ba su saurare ka. Ta so tata ta zama mai ladabi, wadda ake kira ta amsa. Har alfahari ta yi da layin. Kuskure ne irin na mai son kyautatawa, kuma sai wanda ya san aikin sosai ne ma zai iya yin sa. Kunya ta kama ta, irin wadda rabonta da ji tun tana 'yar makaranta. Ta cire tabarau ta ajiye, shayinta ya huce a kofi ba ta taɓa ba.

A haka Babban Injiniya ya leƙo ya same ta. Ta nuna masa zanen, ta nuna masa layin. Ya ja kujera ya zauna ya daɗe yana shafa haɓa.

"Gwaggo, wata uku ya rage miki," in ji shi. "Shekara ashirin da bakwai ba a taɓa nuna ki da yatsa ba. Mu rubuta cewa sabon cip ne ya zo da matsala. Ai ba ƙarya ba ce ƙwarai."

"Ƙarya ce ƙwarai. Takardar cip ɗin ta faɗi lokacin da yake ɗauka, shafi na tara. Bai ɓoye wa kowa ba."

"To ki gyara kawai a wuce wurin. Dole sai an yi shela?"

Ta mayar da tabaraunta ta dube shi. "In na gyara shiru, Dogo ya tafi Juma'a, alluna su daina mutuwa Litinin. Me mutane za su ce?"



"Za su ce, ga shi nan, yana tafiya komai ya daidaita," in ji ta. "Ni na yi kuskuren, ni kuma in buga masa hatimi da hannuna?"

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo mata da sauƙi. Maigidanta, tsohon malamin makaranta da ya riga ta ritaya, shi ya ba da labarin ƙarshen makon nan. Ya ce Asabar da yamma suna zaune a baranda, ta saka gishiri a shayinsa maimakon sukari, ta kuma tsaya kai da fata cewa bakinsa ne. Da ya matsa mata sai ta gaya masa komai.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba, na so in fita da sunana fes," in ji ta. "Na so a ce matar nan ta yi aikinta ta tafi ba a taɓa kama ta da komai ba. Abin ya daɗe a raina."

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kiran ta in yana son tsokana, "shekara talatin da uku kina gyara min inda na ajiye makulli. Yau Allah ya nuna min ranar da ke ma aka kama ki, kina so ki hana ni jin daɗin abina?"

Ya ce ta harare shi, sannan ta yi dariya, sannan ta share ido da gefen mayafi. Bai ba ta shawara ba, don ya san tun kafin ta buɗe baki ta riga ta yanke hukunci. Jin nauyin abin ne kawai take neman wanda zai taya ta.

Litinin ta zauna ta rubuta gyaran. Ba wani dogon abu ba ne, bai kai layi ashirin ba. Yanzu in kiran tsayarwa ya zo saƙo na kan waya, direba zai riƙe kiran ya gama miƙawa tukuna, jiran da bai kai ƙiftawar ido ba. In kuma cip ya ƙi amsawa har lokacin da aka ɗiba ya cika, direba zai rufe layin yadda ya kamata, ya mayar da komai mazauninsa, sannan ya amsa kiran. Mai aiki ba zai danna ya ji shiru ba, saƙo kuma ba zai yanke a tsakiya ba.

Talata da safe ta roƙi Manaja ya sauko ɗakin gwaji, ya kuma tara kowa, har masu haɗa alluna da masu ɗaurin kwali. Dogo yana tsaye can baya jikin bango. Ta ɗauko sabon allo, ta zaunar da shi a tebur na ɗaya, wanda bai taɓa kashe komai ba, tsohuwar manhajar na ciki. Ta riga ta gano daidai lokacin da ake dannawa.

"Yallaɓai, zauna nan. Sa yatsunka a kan waɗannan biyun. In na ce danna, ka danna."

Manaja ya zauna yana murmushin wanda bai san inda aka dosa ba. Ta kunna, idonta a kan madubi. "Danna." Ya danna. Suka sake. A karo na uku, da ta sake kunnawa, allon ya kurumce.

"To, yallaɓai, ka kashe allon kamfani a gaban shaidu," in ji ta. "Wa zai rubuto maka taka takardar?"

Wasu suka fashe da dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri da suka ga fuskarta. Ta juyo ta fuskanci mutane. 

"Ba hannun Dogo ne ke kashe alluna ba. Layi ɗaya ne a cikin direba, kuma ni na rubuta shi, shekara goma sha shida ke nan. Dogo yana tsayar da gwaji ne saboda yana ganin abin da sauranmu ba mu gani. Da na rubuta aikina daidai, da yabo ya kamata ya samu. Dogo, matso nan. A gaban mutanen da suka ji an zarge ka nake neman ka yafe min."

Dogo ya tako a hankali, kansa a ƙasa. "Haba Gwaggo," kawai ya iya cewa. "Haba Gwaggo." Ya sa bayan hannu ya rufe idonsa.

Manaja ya miƙe. Sannan ya miƙa wa Dogo hannu ya ce ya ba shi takardar nan. Dogo ya ciro ta daga aljihun riga, ta yi laushi don ninkewa da buɗewa. Manaja ya yage ta gida huɗu a gaban kowa, ya ce shi ma ya yi gaggawa, a yafe masa. Ranar aka sa wa tebur na uku sabuwar manhaja, Gwaggo ta ce wa Dogo ya danna tsayarwa har sai yatsansa ya gaji. Ya yini yana dannawa, sau ɗari uku da wani abu, ba allon da ya mutu. Goma sha taran nan ma aka sake rubuta musu ma'auni, duk suka farfaɗo, har da na Manaja.

Ba ta tsaya nan ba. Rahoton da aka aika wa masu saye ita ta rubuta shi, kuma inda aka ce musabbabi, ba ta laɓe bayan kalmar "an yi kuskure" ba, muƙaminta ta rubuta. Ta kuma aika wa duk baƙin nan da ke amfani da direbanta saƙo, ta ce ga inda na kuskure, ga gyaran, ku duba naku. Biyu daga cikinsu suka amso cewa sun yi wata da watanni suna fama da irin wannan, ɗaya ma har ya fara zargin ma'aikacinsa. An samu masu ƙus-ƙus a kamfani, ba shakka, masu cewa ashe Gwaggo ma tana yi. Ta ji su, abin kuma ya sosa mata rai, don ba dutse ba ce. Amma washegari ta zo aiki kamar kullum ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo, ke ce wadda ta kama ɓarawo ta tarar ita ce, ta kuma kai kanta gaban alƙali. Ke ce kika ajiye sunan da kika yi shekara ashirin da bakwai kina ginawa, don wani bawan Allah ya ɗauki nasa ya koma gida da shi. Sai bayan komai ya wuce Dogo ya gaya wa iyalinsa. Ya ce mahaifiyarsa, tsohuwar da ba ta san cip ba, ba ta san direba ba, ta sa ya maimaita mata labarin sau biyu, sannan ta ce tun daga ranar ta sa ki cikin waɗanda take yi wa addu'a tare da 'ya'yanta.

Mun gode, Gwaggo. Mun gode da aikin da ba a gani, mun kuma gode da wanda aka gani ranar Talatar nan. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa gwiwa lafiya, ya bar ki da Malam kuna ta gardamarku. Ku kuma da kuka rage a ɗakunan nan, da duk mai sana'ar da kuskurensa kan faɗo a kan wanda ke ƙasa da shi: in abu ya lalace, kafin ku dubi hannun mai gwaji, ku buɗe tarihin naku aikin ku duba. In kun ga sunanku a can, ku faɗa da bakinku, a gaban mutanen da suka ji zargin, tun mutumin bai bar ƙofa ba.

Dogo yana nan a tebur na uku. Duk injiniyan da ya buɗe manhajar nan yau, ko bayan shekara ashirin, a saman layukan gyaran zai tarar da ɗan bayanin da ta bari:

"A nan ba a katse jira, sai saƙo ya isa. Na taɓa bari a katse shi, aka ɗora wa mai gwaji laifin har aka ba shi takardar sallama. Ba shi ba ne. Ni ce."